Baba ba ya taɓa kwamfuta: zai iya karɓar imel a kan takarda?

"Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya ya koma gida a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Shekarunsa sun kusa tamanin. Da tabarau yana karatu sosai, amma kunnensa ya yi nauyi, in mun kira shi sai mu yi ta ɗaga murya, rabin maganar ba ya ji. Mun saya masa babbar waya ya mayar mana, ya ce shi ba zai iya wannan shafe-shafen ba. Mu 'ya'yansa kuma mun warwatsu, ni ina Legas, yayana yana Jidda, ƙanwarmu tana karatu a Ingila. Wani ya ce mini akwai firintar da ake tura wa imel ta buga da kanta ba tare da kwamfuta ba, in dai akwai hotsifot. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me zan saya, kuma zai yi aiki a ƙauyen da wuta sai an ga dama?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ku kuma ya saka muku da alheri da kuka damu da jin daɗinsa har haka.

In na fahimce ki daidai, so kike ki zauna a Legas ki rubuta saƙo a wayarki, ko ki ɗauki hoton jikokinsa ki tura, can a ɗakin Baba takarda ta fito da kanta, shi nasa kawai ya miƙa hannu ya ɗauka ya sa tabarau. Wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba. Abin yana yiwuwa, kuma na haɗa shi da hannuna a gidaje da dama cikin shekarun da na yi ina sa firintoci da gyara su a ofisoshi da makarantu da shagunan kwamfuta a Kano da kewaye. Sai dai gara ki ji tun yanzu, firintar ita ce mai sauƙin a cikin maganar. Duk inda na ga wannan tsari ya mutu, ko dai wuta ce ta kashe shi, ko data ta ƙare ba wanda ya sani, ko kuma babu mutum ɗaya a gidan da aka ɗora wa alhakin dubawa. A kan waɗannan zan fi daɗewa.

Yadda saƙon yake tafiya

Firinta ba ta da akwatin imel irin naki na Gmail, ba ta buɗe saƙo ta karanta. Idan aka yi mata rajista a wurin kamfanin da ya ƙera ta, kamfanin ne yake ba ta adireshin imel nata na kanta. Na Epson yana ƙarewa da print.epsonconnect.com, na HP kuma da hpeprint.com. In kin tura saƙo zuwa wannan adireshi, manyan kwamfutocin kamfanin ne za su karɓa, su buɗe shi, su juya rubutun da hotunan zuwa yaren da firinta take ji, sannan su miƙa mata ta intanet. Ita kuwa can a ƙauye tana riƙe da hanya a buɗe tsakaninta da kamfanin, tana sauraron ko an kira ta. Ke nan akwai kwamfuta a cikin lamarin, amma ba a gidan Baba take ba, ba shi zai taɓa ta ba. Shi hotsifot aikinsa ɗaya tak, ya haɗa Wi-Fi ɗin firintar da sabis ɗin kamfanin waya.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun a 2006 wani kamfani a Amurka mai suna Presto ya haɗa kai da HP suka fitar da firinta musamman domin dattawa irin Baba. Ana jona ta da layin tarho na gida, ta riƙa kiran kamfanin da kanta tana kwaso saƙonni tana bugawa. Mu a nan wannan bai amfane mu ba, domin layin NITEL bai taɓa isa yawancin ƙauyuka ba har GSM ta zo a 2001. HP ta fito da ePrint a 2010, Epson ta biyo baya da Epson Connect. Google ma ta yi nata tsarin buga takarda daga nesa mai suna Cloud Print, sannan ta rufe shi a ƙarshen Disamba 2020, aka bar masu dogaro da shi suna neman mafita. Na kawo wannan ne domin ki san abin da kike jingina a kai. Hidima ce ta kamfani, kyauta yake bayarwa, kuma ranar da ya ga dama zai iya janye kayansa. Ba dalili ba ne na fasawa, amma dalili ne na sayen firintar da za ta ci gaba da amfani ko da wannan hanya ta rufe.

Wadda za ki saya

Kada kalmar Wi-Fi a jikin kwali ta ruɗe ki. Firinta na iya samun Wi-Fi amma ba ta karɓar imel. HP misali, yawancin samfuran da ta fitar daga ƙarshen 2020 zuwa yau ba sa zuwa da ePrint, ta koma wani tsari da sai mai turawa ya sa manhajarta a waya. Wanda ke da tsohuwar HP mai ePrint da ke aiki, ya ci gaba da abinsa. Amma mai sayen sabuwa saboda wannan buƙata, ni Epson nake nuna masa, daga cikin masu tankin tawada. Wadda na fi sawa a gidaje ita ce L3250. Ki kula sosai a nan, domin tana da 'yar'uwa L3210 wadda suke kama kamar an tsaga kara, ta fi araha, amma ba ta da Wi-Fi ko kaɗan, sai igiyar USB. Na ga wanda ya sayo ta ya kai ta har gida kafin ya gane.

Dalilina na zaɓar mai tanki shi ne tawada. Mai katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake cirewa a sa sabo, da wuri take ƙarewa, canza shi kuma aiki ne da ba zan ɗora wa dattijo ba. Mai tanki kuwa, kamfanin ya ƙiyasta kwalbar baƙar tawada ɗaya tana buga shafi kusan 4,500, masu launi kuma kusan 7,500. Ko da hotuna sun rage wannan lissafi sosai, gidan da ake buga shafi uku ko huɗu a rana zai daɗe bai nemi ƙari ba. Ki sa tawadar kamfani, kada ki sa ta aune saboda arha.

Firintar leza, wato mai hoda, ki bar ta. Tana da kyau, hodarta ba ta bushewa, amma da zafi take manna rubutu a takarda, zafin nan kuwa wat ɗaruruwa yake ja a lokaci guda. Mai tawada irin L3250 wajen wat 12 take ci in tana bugawa, in tana barci kuwa ɗan abin da take sha bai taka kara ya karya ba. A gidan da ƙaramar sola ce abin dogaro, wannan bambanci shi ne komai.

Duk abin da mai shago zai gaya miki, sharaɗinki ɗaya ne: a yi wa firintar rajista, ki tura mata imel daga wayarki, ki ga takarda ta fito da idonki. In ba za a iya yi a shagon ba, ku yi yarjejeniya za ki dawo da ita in ta ƙi.

Maganar hotsifot

Kafin ki kashe ko sisi, ki sa wani mai babbar waya ya shiga ainihin ɗakin da za a ajiye firintar, ba ƙofar gida ba, ba kan dakali ba. Ya gwada MTN da Airtel da Glo, da safe da kuma bayan isha, ya ga wanne ne yake buɗe hoto ba tare da dogon jira ba. Ginin ƙasa mai kauri da rufin kwano suna cinye sabis, sau da yawa sai an matsa kusa da taga. Ba gudu muke nema ba. Sabis mai tafiyar hawainiya da ba ya yankewa ya fi mai gudun da ke zuwa yana ɗaukewa. Wannan gwaji ba mai iya yi miki shi daga nesa, kuma shi zai yanke hukuncin ko za a ci gaba.

Abin da mutane ke kira hotsifot iri uku ne. Akwai na wayar hannu, kuma shi ne ba na so. In wayar wani ce a gidan, ranar da ya tafi gona ko kasuwa ya tafi da intanet ɗin Baba a aljihu. In tsohuwar waya ce aka ajiye a caji, yawanci tana kashe hotsifot ɗin da kanta in ta ga shiru, sai an shiga saiti an hana ta, kuma in ta mutu ta tashi sai wani ya sake kunna shi. Akwai 'yar MiFi mai batir, wadda ta fi, amma ita ma tana da saitin barci da dole a kashe, sannan batirinta ba ya son zama a caji dare da rana. A zafin bazara, watan Afrilu da ake haura maki 40, na sha buɗe MiFi na tarar batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Na ukun shi ne rauta mai cin layin waya, wadda ake jonawa a wuta, kuma ita nake ba da shawara. Ta fi jan sabis, an yi ta ne domin ta kwana a kunne, kuma in wuta ta dawo tana tashi da kanta. Akwai ɗan akwatin batir da ake sayarwa musamman domin rauta, ya riƙe ta sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Ki haɗa da shi.

Ga wani ƙaramin abu da ke wahalar da mutane kwana da kwanaki. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, yawancin ƙananan firintoci kuwa, har da wadda na ambata, na farkon kawai suke gani. In rauta ko waya tana watsawa a kan 5GHz, firintar za ta yi ta nema ta ce ba ta ga komai ba, alhali ga su gefe da gefe. A saita shi a 2.4GHz, tsaron kuma a bar shi a WPA2. Sunan Wi-Fi da kalmar sirri su zama haruffa da lambobi zalla.

Duk haɗin nan ki yi shi a Legas, a ɗakinki, a natse. Ki sa layi a rauta, ki haɗa firintar da ita ta manhajar Epson Smart Panel, ki buɗe asusun Epson Connect da imel ɗinki, firintar za ta buga miki takarda mai ɗauke da adireshinta. Adireshin farko tarkacen haruffa ne, ana iya canza shi zuwa abin da za ku iya tunawa. Ki bar su a kunne mako guda, yayanki ya turo daga Jidda, ƙanwarki ta turo daga Ingila, ki zare wuta ki mayar ki ga yadda suke tashi. Firinta sunan Wi-Fi da kalmar sirri kawai ta sani, ba ruwanta da garin da take. In kin kai su ƙauye tare, jonawa kawai za a yi. Wannan ma shi zai cece ki nan gaba: ranar da rauta ta lalace, a saya sabuwa a ba ta suna da kalmar sirri irin na tsohuwar sak, firintar za ta kama ba tare da an taɓa ta ba. Wajen ɗaukar ta a mota, a zaune za ta tafi yadda take a kan tebur, kada a kwantar da ita ko a kifa ta, domin akwai tawada a tanki.

Layin ki yi masa rajista da sunanki da lambarki ta NIN, yadda duk wata matsala ke za ki warware ba tare da an ɗaga Baba zuwa ofishin kamfani ba. Datar da wasiƙu ke ci kaɗan ce ƙwarai, hotuna ne masu ɗan nauyi, megabayit biyu zuwa biyar kowanne. Ƙaramin tsarin wata ya isa ya yi saura. Abin tsoro shi ne wa'adi: data ta kwana 30 tana mutuwa ranar da ta cika ko ba a taɓa ta ba. Ki sa wa kanki tuni a waya, ko ki sayi tsari mai dogon wa'adi, ki kuma sa manhajar kamfanin a wayarki ki riƙa leƙa abin da ya rage.

Na taɓa haɗa wa wani dattijo irin wannan a wani gari a Jigawa. Mako uku abin yana tafiya lafiya, sai ɗansa ya kira ni hankali a tashe, wai firinta ta lalace, kwana biyar ba takarda. Na yi tafiyar sa'o'i na je. Firinta lafiyarta ƙalau, rauta fitilunta a kunne. Da na buɗe shafin rautar sai na ga wayoyi tara a jone. Kalmar sirrin da ke manne a bayanta wani jika ya karanta ya raba wa abokansa, matasan layin sukan zauna a gindin katanga bayan magariba suna kallon bidiyo, datar wata ta tafi a kwana huɗu. Abin da ya tsaya mini a rai ba datar ba ce. Dattijon ya nuna mini kujerar da ya jawo kusa da teburin, ya ce kullum bayan azahar yakan zauna a kai ya jira, har ya fara zaton ko yaran sun gaji da rubuto masa ne. Tun daga ranar ba na barin kalmar sirrin kamfani. Ina canza ta, in canza ta shiga shafin rautar ita ma, sannan in sa rautar ta ƙi karɓar kowace na'ura sai firintar da wayar mutum ɗaya. Kusan kowace rauta tana da wannan saiti.

Wuta

In an turo saƙo firinta tana kashe, ba ya ɓacewa nan take. Kamfanin yana riƙe shi, da ta dawo kan intanet sai ya sako mata. Amma riƙon na 'yan kwanaki ne kawai, in ya wuce sai a share, sai kin sake turawa. Wannan yana nufin ba dole ba ne a samu wuta dare da rana. Sa'a biyu ko uku a kullum sun wadatar, in dai ana samunsu a kai a kai. Gidan da ke da ƙaramar sola mai inbata, wadda ke ɗaukar fanka da fitilu da talabijin, zai ɗauki wannan ba tare da ya ji ba. In janareta ake tayarwa da dare ko ana jiran NEPA, a sa abin kariya tsakanin soket da firintar, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ce ta fi ƙona mini kaya.

Abu biyu za ki koya wa Baba ko wanda ke kusa da shi. Yawancin firintocin tawada ba sa kunna kansu in wuta ta dawo, sai an danna maɓalli. Maɓalli ɗaya ne, nakan manna masa jan salatif a gefe don kada a ruɗe. Sannan in za a kashe ta, da wannan maɓallin za a kashe, a jira fitilar ta mutu, kada a fizge waya daga soket. Dalili shi ne, in ta kashe kanta yadda ya kamata, tana mayar da kan da ke fesa tawada mazauninsa ta rufe masa baki. In aka yanke mata wuta a tsakiyar aiki, bakin a buɗe zai kwana yana shan iska. Akwai kuma saitin da ke sa firinta ta kashe kanta gaba ɗaya in ta daɗe ba aiki. Barci ba laifi, tana farkawa in saƙo ya zo, amma wancan na mutuwa ɗungurungum ki cire shi tun a Legas.

Ƙura da zaman banza

Babban abokin gabar firintar tawada a Arewa shi ne hunturu. Iska a bushe, ƙura ko'ina, ramukan da tawada ke fitowa kuwa sun fi gashi siranta. Firintar da ta yi mako uku ba ta buga komai ba a watan Janairu, sai ki ga rubutu yana fitowa da zane-zanen fari, ko launi ɗaya ya ɓace. Maganin yana hannunku ku masu turawa: kada mako ya wuce ba a tura shafi mai launi ko ɗaya ba. Hoton jika ɗaya duk Juma'a ya isa ya riƙe ta da lafiya.

Takardar da ke tsaye a bayanta ita ke tara ƙura ta shigar da ita ciki. Kada a cika ta, ashirin ko talatin sun isa, sauran rim ɗin ya zauna a cikin leda a ɗaure, nesa da gara da damshin damina. A rufe saman firintar da ƙyalle mara nauyi amma a bar bakin da takarda ke fitowa. Kyankyasai da ƙadangaru suna son ɗuminta, kada a ajiye ta kusa da abinci ko a ƙasa.

Wa zai turo, kuma me za a turo

Duk wanda ya san adireshin zai iya sa firintar ta buga, sai in kin rufe ƙofa. A shafin Epson Connect akwai jerin waɗanda aka yarda su turo, ki kunna shi ki zuba adireshin 'yan'uwa kawai. Ba asarar tawada ce damuwata a nan ba. Mutanen zamanin su Baba sun tashi suna girmama takarda bugaggiya, domin a wurinsu daga hukuma take fitowa. Saƙon damfara da zai yi wa tsaki in a waya ya ji shi, in ya fito a takarda da tambarin banki ko na ofishin fansho, zai iya ɗauka da gaske. Ki gaya masa a fili cewa babu banki ko hukumar da ta san wannan adireshi. Ku ma kada ku tura lambar sirri ta banki, ko BVN, ko wani abin da ba ku so a gani, domin saƙon yana bi ta hannun kamfani, a ƙarshe kuma ya kwanta a buɗe a kan tebur inda duk mai shiga ɗakin zai karanta.

Epson tana karɓar maƙale-maƙale, wato hotuna da takardun da ake haɗawa da imel, har guda 10 a saƙo ɗaya, nauyinsu duka kada ya wuce megabayit 20. Na HP megabayit 10 ne. Bidiyo da saƙon murya ba sa buguwa, haka takardar da aka kulle da kalmar sirri, haka mahaɗin da sai an latsa. In iPhone ƙanwarki take riƙewa, ta san cewa wayar tana ajiye hoto a tsarin HEIC wanda ba kowace na'ura ke ganewa ba, ta mayar da shi JPEG ko PDF kafin ta turo.

A gaskiya PDF nake so ku riƙa amfani da shi ko a wasiƙa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wani lokaci in an rubuta su a jikin imel sai su fito a takarda kamar ƙananan akwatuna, domin kwamfutar da ta juya saƙon ba ta da su a irin rubutun da ta zaɓa. Larabci da ajami su ma sukan wargaje. In kin rubuta a Word ko Google Docs kika mayar PDF, abin da kika gani a wayarki shi zai fito. A nan ne kuma za ki ƙara girman rubutu zuwa 16 ko 18 saboda idonsa. Ki sa kwanan wata da sunanki a sama. Akwai saitin da ke hana buga jikin imel ɗin in akwai maƙale, yana rage ɓarnar takarda.

Inda hanyar ta tsaya

Hanya ce mai tafiya gefe ɗaya. Baba zai karɓa, amma ba zai mayar da amsa ta cikinta ba. L3250 tana ɗaukar hoton takarda, sai dai tura shi waje yana buƙatar waya ko kwamfuta. Akwai manyan samfura masu allo da ke iya turawa da kansu, amma sun fi tsada, kuma sun dawo da shi ga latse-latsen da ya ce ba ya so. Abin da na ga yana aiki shi ne ya rubuta amsarsa da biro, wani ya ɗauki hotonta ya tura muku ta WhatsApp. Tsohon hedimasta ba zai rasa abin rubutawa ba, kuma za ku sami rubutun hannunsa ku adana.

Ba kuma hanyar gaggawa ba ce. Kamfanin zai iya turo miki sanarwa cewa an buga, amma wannan bai nuna an karanta ba. Rasuwa, rashin lafiya, canjin ranar tafiya, duk waɗannan a kira wani a gidan.

Shi ya sa na ce sai da mutum. Ba gwani ake nema ba, yaro ko yarinya mai hankali da amana, wanda zai leƙa sau ɗaya a rana ya ga fitilar firinta da ta rauta suna kunne, ya zuba takarda, ya zare wadda ta maƙale a hankali ba da fizga ba. Ki rubuta masa abin da zai yi a takarda ɗaya da manyan haruffa, a manna a bango saman teburin, da lambar wayarki a ƙasa. Ki riƙa yi masa ɗan alheri, domin aikin da ba a ba kowa ba, kowa zai zaci wani ne ke yi.

In irin wannan yaro yana da babbar waya, akwai hanya ta biyu a cikin firintar nan da ba ta buƙatar rauta ko kamfani. Ki tura masa wasiƙar ta WhatsApp, ya haɗa wayarsa da firintar kai tsaye ta Wi-Fi Direct ya buga. Ta fi juriya, kuma ita za ku koma wa ranar da rautar ta ƙi aiki ko kamfani ya rufe hidimarsa. Aibinta shi ne duk maganar da ke tsakaninki da mahaifinki sai ta bi ta idon wani, kuma sai lokacin da ya sami sarari. Ni da a ce mahaifina ne, ta imel ɗin zan sa a gaba, domin dattijo yana jin daɗin a ce wasiƙarsa ta zo masa ba tare da ya roƙi kowa ba, ta WhatsApp ɗin kuma ta zama ta ajiya. In kuwa gwajin sabis ya nuna ɗakin ba ya kamawa ko kusa da taga, kada ki tilasta. Ki nemi amintaccen mai shagon kwamfuta a Malumfashi, ki riƙa tura masa yana bugawa yana sawa a ambulan, a kai wa Baba ranar kasuwa.

Ranar da za ki kai kayan, ki shirya da yayanki da ƙanwarki su turo wasiƙunsu a lokacin da kike tare da shi, da hoton kowane jika da sunansa a ƙasa da manyan haruffa. Ki bar shi ya danna maɓallin da kansa, ya ji ƙarar takarda tana shiga, ya ciro ta da hannunsa. Ki tafi masa da fayil mai zobe da abin huda takarda, domin daga makon farko za su fara taruwa, kuma zai so ya jera su bi da bi.